Haruffa masu ɗigar jini ko masu kauri: wanne za ki sa a kwalbar yaji?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na duba hotunan biyu da kinka turo na sitikar yajinki, mai haruffan ban tsoro da ja ke zuba a ƙasansu, da mai haruffa masu kauri marasa ado. Ba zan ja ki da nisa ba, na biyun za ki ɗauka.

Na gane abin da ya ja hankalinki ga na farkon. Kina son duk wanda ya ga kwalbar ya san yajin nan ba na wasa ba ne. To amma duba inda irin waɗannan haruffan sunka fito. An zana su ne don bikin Halowin da ake yi ranar 31 ga Oktoba, musamman a Amurka, inda yara ke shigar fatalwa suna bi gida-gida ana ba su alawa. A can jini da ƙwarangwal abin raha ne na dare ɗaya. Mu nan ba mu gaji wannan ba. Matar da ta ɗauki kwalbarki a Babbar Kasuwa ta ga ja yana tsiyaya daga sunan, ba zafin barkono zai faɗo mata a rai ba. Jini najasa ne, cinsa haramun ne, ga shi kin ɗora kamanninsa kan abin da za a barbaɗa wa wake da shinkafa. Wata ma sai ta ajiye ta ce ita ba ta sayen kayan tsafi. Sannan cikin masu sayen yajinki akwai 'yan uwanmu da sunka baro Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Waɗannan sun ga jini na gaske, ba za su ɗauke shi kwalliya ba. Ni ko wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Turaren wuta da humra nake sayarwa a Mabera, kuma allon shagona irin na biyun ne: farin fenti kan kore mai duhu, haruffa tsayayyu masu kauri. Wani dattijo mai rubuta alluna ya yi min shi da buroshi. Da ya fitar da haruffan da alli, kafin ya taɓa fenti, sai ya ce, “'Yata, tsallaka titi ki karanta min.” Na tsallaka, na ce masa harafin ƙarshe ya matse da na kusa da shi. Ya goge, ya buɗa tsakaninsu, ya sake tura ni. Shi ya ba ni shawarar a ƙara sunan da ajami a ƙasa, ya ce rabin iyayenmu da ke sayen turare sun fi saurin karanta ajami a kan boko. Allah Ya saka masa da alheri, ya yi gaskiya.

Wata rana da la'asar ina ƙulla turare sai na hango wata yarinya, ba za ta wuce 'yar aji uku ba, tsaye can gefen titi da kuɗi dunƙule a hannu. Leɓenta na motsi, tana bin allon harafi bayan harafi da ɗan yatsa a iska. Da ta kai ƙarshe sai ta yi murmushi ta rugo. Kakarta ce ta aiko ta, ta faɗa mata sunan shagon kawai, ba kwatance ba komai. Har yau gidansu a wurina suke sayen turaren biki. Ki tuna, ƙanwata, a garin nan mata da yawa aike suke yi, yaro ne ke zuwa kasuwa a madadinsu. Harafin da anka lanƙwashe anka yi masa ƙaya da ɗigo, ɗan firamare ba zai gane A ba ne ko R.

Akwai kuma yanayinmu. Ranar Sakkwato a watan Afrilu tana haura digiri 40, kuma jan launi na cikin waɗanda rana ta fi saurin cinyewa. In hunturu ya shigo, ƙura ta kwanta kan bana, wato ƙyallen talla, siraran ɗigon nan su ke fara ɓacewa, sai sunan ya zama dabbare-dabbare. In sitika ce ta yanka da ake liƙawa a gilashi, daga waɗannan 'yan wutsiyoyin take fara ɓarewa. Harafi mai kauri ko ya koɗe, mai kabu-kabu da ke wucewa a guje zai karanta shi. Haka in kinka ƙanƙanta shi: hoton WhatsApp ɗan da'ira ne, murfin kwalba ma haka. Ranar da kinka kai ga rajistar NAFDAC, lambar da kwanan watan da anka haɗa kayan da na lalacewarsu duk sai sun fito tar a ɗan fili kaɗan.

Na lura kuma sunan kayanki akwai ƙ a ciki. Galibin haruffan ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ, don waɗanda sunka zana su ba su yi da Hausa a rai ba. Kina rubutawa sai kwamfuta ta fitar da ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani salon daban ya tsaya bare a tsakiyar suna. Salon haruffan da ake kira Noto Sans da Andika duka suna da haruffanmu masu ƙugiya, suna da mai kauri, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su ba tare da biyan ko kwabo ba.

Na ban tsoron, in za a yi masa adalci, yana kama ido, kuma zai iya dacewa da gidan gem na samari ko rigar matasa. Ina da irinsa cikin waya tun tuni, ban samu inda zan sa shi ba.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu tallar “haruffa dubu a farashi ɗaya” a WhatsApp. Da yawansu kayan kyauta sunka kwaso suke sayar miki. Creepster da Nosifer, haruffan ban tsoron nan da ake yayi, kyauta suke a shafin Google Fonts. Wasu kuma daga shafuka irin su DaFont sunka sauke, inda haruffa da yawa an rubuta ƙarara cewa na amfanin kai ne kawai, ba na kasuwanci ba, su kuwa ba za su faɗa miki ba. Masu buga bana ma akwai nagari akwai na banza. Wani in ya buɗe aikinki a manhajar zane ta CorelDRAW ya tarar ba shi da salon da kinka zaɓa, sai ya musanya da wanda ke hannunsa ya yi shiru, sai kin zo karɓa ki ga ƙugiyar ƙ ta ɓata. Wani kuma ya riƙe ainihin fayil ɗin don dole ki riƙa komawa wurinsa. Tun wajen ciniki ki ce fayil naki ne, a mayar da rubutun zane yadda ba zai sauya ba, a ba ki kwafin PDF. Kada ki cika kuɗi sai an buga guda ɗaya kin liƙa a kwalba kin gani da idonki.

Zafin da kike son nunawa, barkono zai nuna shi. Ki sa sunan da fari mai kauri kan ja mai duhu, a zana tsiduhu biyu ko uku a gefe, lambar waya a ƙasa da manyan lambobi. In an buga gwajin, ki ajiye kwalbar a ƙarshen tsakar gida, ki kira ƙaramin yaro a gidanku ya karanta miki daga bakin ƙofa. In ya karanta bai yi gargada ba, ki ce a buga sauran.