Ciwon kunnen yara: maganin ɗigawa ko na sha?

Wannan tambayar iyaye mata sun sha yi min ita, yaro na kuka yana jan kunne, na ɗigawa za a saya ko na sha?

Abin fa ya danganta da dodon kunne. Yawanci ciwon can bayansa yake, to idan bai huje ba, ko kwalba guda kika juye maganin ba zai isa wurin ba. A nan na sha ne ke aiki, yawanci amoxicillin likita ke rubutawa, kuma yara da yawa cikin kwana 2 zuwa 3 suke warkewa da farasitamol kawai.

Amma idan kunnen ya haura sati 2 yana zubar da mugunya, yawanci dodon ya huje ke nan, a nan na ɗigawa irin ciprofloxacin ya fi na sha nesa ba kusa ba, sai dai akwai aiki, sai kin goge mugunyar da auduga mai tsabta tukuna, kuma ki hana ruwan wanka shiga. Na sha ya fi sauƙin bayarwa amma yakan sa gudawa. 

Don Allah a daina sayen gentamicin a kyamis ana ɗigawa a hujajjen kunne, yana iya lalata ji.

Yaro mai zazzaɓi da sabon ciwo, na sha idan likita ya leƙa ya ce a ba shi. Mai daɗaɗɗiyar mugunya, na ɗigawa. Idan bayan kunnen ya kumbura kuwa, a tafi asibiti ranar.