Buɗaɗɗen Kai Ko Rufaffe: M10 da M18 a Gefen StuG III da Hetzer

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Amurka ta ƙera motocin farautar tanka ba rufi a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali Jamus ta rufe irin su StuG III da Hetzer ruf, kuma wanne ya fi. Amsar tana cikin aikin da aka yanka wa kowacce.

A tsarin da Janar Lesley McNair na sojan Amurka ya tsaya wa, ana ajiye waɗannan motoci a baya ne. Idan tankokin abokan gaba suka ɓalle, sai su garzaya su tare hanya, su riga gani, su riga harbi, su sauya wuri. Don haka aka fifita ido da gudu. M18 Hellcat, wadda kamfanin Buick ya ƙera guda 2,507, nauyinta bai wuce tan 18 ba, sulken jikinta milimita 13 kacal, amma tana kai kilomita 89 a awa a kan titi. M10 ta fi ta nauyi, kusan tan 30, domin a kan ƙafafun Sherman aka gina ta. Jamus kuwa daga 1943 kare kai take yi, shi ya sa ta zaɓi gajeruwar mota mai kaurin gaba da za ta laɓe ta jira. StuG III tsayinta mita 2.16 ne, sulken gabanta milimita 80. Na Hetzer 60 ne amma a karkace sosai.

A wajen gani ne buɗaɗɗen kai ya yi zarra, kuma a faɗan tanka wanda ya riga ganin wani yawanci shi ke da nasara. A M10 mutum uku ne a hasumiyar igwa, wato ɗakin igwa mai juyawa a saman motar, kowa na iya ɗaga kai ya duba ko'ina, ya ji ƙarar inji daga nesa, ya yi magana da sojan ƙasa baki da baki. Hayaƙin harbi yana tashi sama, kwanson harsashi a cilla shi waje, mai ɗura harsashi yana da sararin motsi. In mota ta kama da wuta, su ukun tsalle kawai za su yi. Kwatanta da Hetzer: mutum huɗu a matse, igwar an tura ta ɓangaren dama, direba da maharbi da mai ɗuri sun jeru a hagu, in aka rufe ƙofofi da ƙyar ake ganin abin da ke dama. Ba ta da hasumiya, don haka igwarta digiri 5 take juyawa hagu, 11 dama. Abin da ya wuce haka sai direba ya juya motar ɗungurungum, in sarƙar da motar ke tafiya a kai ta tsinke kuwa shi ke nan.

Kada a zuzuta hasumiyar M10 fiye da kima. Da hannu ake murza ta, zagaye ɗaya yana cin fiye da minti guda. Igwar mai inci 3 ta rinjayi gaba, har a kan gangare juyin ya gagara, sai da aka rataya manyan ƙarafa a bayan hasumiyar don daidaita nauyi. M18 da M36, wata motar farautar tanka ta Amurka, su ne suka zo da juyi na inji.

Kuɗin da aka biya na rashin rufi da jinin ma'aikata aka biya shi. Harsashin atilare da ya fashe a sama, ko ya bugi reshen bishiya kamar yadda aka sha fama a dajin Hurtgen na Jamus a ƙarshen 1944, ɓaraguzansa kai tsaye suke zubowa cikin hasumiya. A cikin gari, mutum ɗaya a bene da gurneti ya isa. Maharbin ɓoye yana jiran kan kwamanda. Ruwan sama da dusar ƙanƙara kuwa tamfol ne kaɗai maganinsu, a sanyin dajin Ardennes na Belgium ma'aikata sun ɗanɗana kuɗarsu. Wani gibi babba shi ne rashin mashin-gan a gaba ko a gefen igwa. Guda ɗaya ce a M10, an kafa ta a bayan hasumiya, mai son harbi gaba da ita sai ya fito ya tsaya a kan murfin inji, jikinsa duk a fili. Hetzer tana da mashin-gan a rufi da ake sarrafawa daga ciki, ko da yake sauya mata harsasai sai an leƙo.

Abin da ya ɓata lissafin Amurka shi ne ba kasafai aka samu irin faɗan da aka shirya wa ba. A Arracourt ta ƙasar Faransa, Satumban 1944, inda M18 ta samu fili da hazo da tudun laɓewa, ta yi wa tankokin Panther na Jamus ɓarna. Amma mafi yawan kwanaki kwamandoji suna tura su rakiyar sojan ƙasa ne, su fasa gidaje da ramukan kankare, wato aikin tanka ba tare da rigar tanka ba. Nan StuG III ta fi su nesa ba kusa ba, domin asalinta don rakiyar sojan ƙasa aka ƙera ta. Ma'aikatan M10 da M36 da kansu suka riƙa walda faranti na ƙarfe a saman hasumiya, suna barin tazara a ƙasa don leƙe, daga baya aka fito da rufin ƙarfe mai naɗewa don M36.

Rasha ta bi hanyar a juye. Motar igwarta SU-76 ta farko rufaffiya ce, hayaƙi ya dami ma'aikata, aka cire rufin a SU-76M, aka ƙera ta dubbai. Jamus ma tana da buɗaɗɗun Marder da Nashorn, inda babbar igwa a kan ƙaramin jiki ta hana ɗaukar nauyin rufi.

A ganina, in fili ne mai faɗi kuma kana da damar zaɓar wurin faɗa, M18 ce zaɓi. In daji ne ko gari, ko atilare na sauka a kanka, ka ba ni StuG III duk da rashin hasumiyarta.