Wuraren wasa uku da muka kai yara a Abu Dhabi da Dubai

Shekara tara ke nan ina zuwa Dubai sarin abaya da turare da takalma, amma iyakata daga masauki zuwa kasuwar Naif, daga Naif zuwa wurin masu auna kaya. Duk dawowar da zan yi Damagaram tambayar yarana ɗaya ce: "Mama, kin ga jirgin nan mai kifewa da mutane?" A waya suke ganinsa. Da hutun lakwal na Disamba ya zo, muka ɗaura niyya ni da Elhaji, muka tafi mu shida: mu biyu, da Inna mahaifiyata, da babban ɗana mai shekara 15, da ƙanwarsa mai 10, da auta mai 5. Tun da muka dawo, duk gidan biki ko suna da na shiga a Birni ko Zango sai an tare ni da tambayar wanne ya fi cikin wuraren wasa ukun da muka je, shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya.

Biyu daga wuraren suna tsibirin Yas na Abu Dhabi, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a mota daga Deira inda ƴan kasuwarmu suke sauka. Ferrari World da Warner Bros. World maƙwabtan juna ne, kuma ana sayar da tikitin da ya haɗa su, wanda ya fi a sayi kowanne daban sauƙi. Tikitin wuri ɗaya na yini ɗaya ya haura dirhami 300 lokacin da muka je, wato wajen jika hamsin na sefa a kan kowane mutum. Ku lissafa mutum shida. Da kuɗi irin wannan ba a shiga wuri da ka.

Ferrari World muka fara zuwa, don babban ɗana ya hana kowa barci a kansa. An buɗe shi a 2010, ƙarƙashin wani jan rufi da ake hangowa tun daga nesa. Abin da ke kai mutane can shi ne Formula Rossa, jirgin lilon da ya shekara da shekaru ba wanda ya kai shi gudu a duniya. Ba ya hawa tudu a hankali kamar sauran. Daga tsaye ake harba shi, irin yadda ake harba jirgin yaƙi daga kan jirgin ruwa, cikin ƙasa da daƙiƙa biyar ya kai kilomita 240 a awa. Sai an ba kowa tabarau mai igiya ya ɗaura, don a irin wannan gudu ko ƙwayar yashi ta faɗa ido ta isa. Elhaji da yaron suka hau. Ni ina tsaye a wurin ƴan kallo, ban gama cewa "Bismillahi" ba sun ɓace. Da suka sauko, yaron yana ta tsalle, Elhaji kuwa ya samu kujera ya zauna shiru, can ya ce da ni: "Hajiya, na yi sukuwa a gaban fadar Sarki ranar hawan sallah, amma wannan ba doki ba ne." Akwai wani kuma, Flying Aces, mai hawa mita 63 kafin ya gangaro ya yi zobe da mutane kai a ƙasa. Yaron ya hau shi sau biyu.

Ga inda nake so iyaye su saurare ni da kyau. A wuraren nan ba shekaru ake dubawa ba, tsawo ake aunawa. A bakin kowane lilo akwai ma'auni, yaro ya tsaya a gwada shi, in bai kai ba, ko kuka ko roƙo ba su da amfani. Kuma da gaskiyarsu, don ƙarfen da ke riƙe mutum ba zai kama ƙaramin jiki ba. Ni ban auna yarana ba kafin mu bar gida, alhali igiyar awon tela tana cikin ɗakina, kuma an rubuta tsawon da kowane lilo ke buƙata a shafinsu na intanet. Auta ya samu ƙananan motocin da yara ke tuƙawa da wasu lilo biyu ko uku, ya ji daɗinsu, amma kafin la'asar ya gama da duk abin da tsawonsa ya ba shi. A ganina Ferrari World wurin samari ne da masu son mota. Inna ta yini a zaune da carbinta.

Washegari muka shiga Warner Bros. World, kuma in aka ce in zaɓi wuri ɗaya tak ga iyali mai manya da ƙanana, shi zan zaɓa ba tare da na yi dogon tunani ba. An buɗe shi a 2018, duka a cikin gini yake da sanyin na'ura, ba rana ba ƙura. An raba shi unguwa shida, kuma kowace unguwa da samanta. A dandalin tsakiya an yi rufin kamar sararin sama da gajimare, har launinsa yana sauyawa, Inna ta daɗe tana kallo kafin ta yarda ba waje muke ba. Daga nan in ka shiga Gotham City sai dare ya rufe ka, duhu da fitilu da kiɗa mai sa faɗuwar gaba. Auta ya ƙanƙame zanena, muka juya da shi, muka bar manyan can. Metropolis da ke kusa da ita ta fi haske, can ma yawancin wasannin na manyan yara ne.

Ɗaya ɓangaren shi ne namu. A Cartoon Junction gidaje masu launi ne kamar an fito da su daga talabijin, ga Tom da Jerry suna yawo ana ɗaukar hoto da su. Akwai jirgin lilonsu wanda kujerarsa ke juyawa yana tafiya, ƴar tsakiyar tawa ta hau ta sauko ta sake bin layi. Dynamite Gulch kuwa hamada ce da jajayen duwatsu, yarinyar ta ce, "Mama, kamar duwatsun Birni." Ta yi gaskiya, sai dai namu sun fi girma da kwarjini. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Bedrock, inda ake shiga kwalekwale a bi kogi cikin ginin, a ƙarshe a gangaro ruwa ya fantsama. Inna ta tsaya a bakin gada tana kallon ruwan nan yana ta gudu. Duk wanda ya tashi a Damagaram, ya san layin jarkoki da jiran famfo ya kawo ruwa cikin dare, ya san abin da ke ranta. Ta ce da ni a hankali, "Ƴar nan, wannan duk na wasa ne?" Na ce zagayawa yake yi, ruwa ɗaya ne ake maimaitawa. Sai ta gyaɗa kai, ta ce to da sauƙi.

A duka wuraren biyu akwai ɗakin sallah na maza da na mata da wurin alwala, mun yi azahar da la'asar cikin natsuwa. Ba a shiga da abinci daga waje, na ciki kuma da tsada, don haka ku karya kumallo sosai kafin ku fito. Mata masu niyyar hawa manyan lilo su sa hijabi mai kama kai, gyale ba zai zauna ba. Tun 2022 hutun mako a Abu Dhabi da Dubai ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin yini, saboda haka tsakiyar mako ya fi ƙarancin layi. Mu Talata da Laraba muka je, muka isa ana buɗe ƙofa, ba mu ga bukatar ƙara kuɗin tikitin tsallake layi ba.

Na uku shi ne Global Village a Dubai, wanda ba irin waɗancan ba ne. A fili yake, shi ya sa sai lokacin sanyi ake buɗe shi, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu ko Mayu, kuma da yamma. Kuɗin shiga bai wuce dirhami 30 ba lokacin da muka je, amma lilon da ke ciki kowanne da kuɗinsa, nan ne aljihu ke zuba ba a sani ba in ba a yi wa yara iyaka tun a ƙofa ba. Mu mun ce kowa uku. Lilon nasa bai kama ƙafar na Yas ba, kuma ba don shi ake zuwa ba. Kasuwa ce ta ƙasashe, kowace da ƙofarta da aka gina da siffar gine-ginenta. A nan Inna ta farfaɗo. Ta ɗanɗani zumar Yaman a rumfuna huɗu kafin ta saya, ta taya dardumar Iran da yatsu da kalkuleta kamar tana kasuwar Dole ranar Alhamis, mai rumfar ya bi ta har bakin ƙofa ya sallama. Ni ma idon sari na shiga da shi, na samu lambar wani mai turaren wuta da har yanzu nake sayen kaya a wurinsa. Mun je ranar Juma'a don wasan wutar da ake yi da dare, cunkoson ya yi yawa, sai da na rubuta lambar wayata a takarda na sa a aljihun auta.

In Allah ya sake kai mu, Elhaji da babban yaron za su tafi Ferrari World su kaɗai, mu sauran mu yi yini biyu a Warner Bros. World, Global Village kuma mu je a tsakiyar mako da jaka babba. Auta yanzu santimita 112 yake. Na ja masa layi da alli a bangon zaure, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya je ya tsaya a gwada shi.