Hattara da masu "shirin bazara" na askin karnuka a Abuja

Masu karnukan nan masu gashi kamar na tunkiya da ake kira dudul, musamman na Gwarinpa, Life Camp, Jabi da Lokogoma, ku saurara. Akwai wasu samari da ke tallar aski da wankan kare a Instagram da WhatsApp, suna sayar da abin da suke kira shirin bazara. Sun ci mini naira 213,000, kuma saura ƙiris su kashe mana kare. Ba zan kama sunan shafinsu ba, don tun daga Maris sun canza shi sau biyu, sunan ba zai amfane ku da komai ba. Salon aikinsu ne bai canza ba.

Na san wasu za su ce me ya kai ki ajiye kare tun farko. Wannan zancen wata rana ne. Tunda dai dabba tana hannunka, haƙƙinta yana wuyanka.

Yayana da ke Rayfield a Jos ne ya ba 'yata shi yana ɗan kwikwiyo, ita kuma ta raɗa masa Auduga. Goldindudul ne, wato barbarar nau'in karnuka biyu, fudul da goldin ritiriba. Irin waɗannan karnuka ba su daɗe da yin tashe ba. A 1989 wani mutum mai suna Wally Conron a Ostareliya ya haɗa wani nau'in kare, labrado, da fudul don samar wa wata makauniya ta Hawai karen jagora wanda gashinsa ba zai tayar wa mijinta da rashin lafiya ba, daga nan yayi ya bazu, shi kansa Conron daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Abin da ya shafe mu a nan shi ne gadon da suka ɗauko wurin fudul: gashi mai lanƙwasa wanda yake ta tsawo, kuma wanda ya mutu ba ya faɗuwa ƙasa, sai ya maƙale a cikin mai rai ya cukurkuɗe.

A sanyin Jos, Auduga bai san wahala ba. Bazararsa ta farko a Abuja kuwa, tun ƙarfe 10 na safe zai shige banɗaki ya baje ciki a kan tayil, harshe waje, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Duk wanda ya san Maris a garin nan ya san abin da nake nufi. Ina cikin wannan damuwa tallar ta faɗo mini: farar mota mai teburin aski a ciki, karnuka fes-fes da ƙyalle a wuya, da rubutu manya-manya cewa zafi yana kashe dudul a cikin awa ɗaya idan ba a yi masa askin bazara ba. Wata uku, aski da wanka da maganin kaska, naira 150,000, amma sai an biya duka kafin a sa ki a layi, wai gurbi biyu ya rage. Sunan da ke kan asusun bankin na mutum ne, ba na kamfani ba. Na gani, na kau da kai. Tsoro suka sayar mini, ni kuma na saya.

Ranar aikin, maimakon farar motar, sai ga wata tsohuwar mota da samari biyu. Babban cikinsu akwai zaƙin baki.

"Momi, motar tamu tana wajen makanike a Apo. Ki ba mu shi mu kai shago, awa biyu kacal mun dawo da shi."

Na ce in bi su mana in ga shagon. Ya ce ai kare ba ya nutsuwa idan mai shi yana wurin, ka'idar aikinsu ce. A nan ya kamata in karɓe igiyar karena in rufe ƙofa.

Bayan awa huɗu ya kira, murya a ƙasa-ƙasa. Wai da suka fara aski sun tarar da cutar fata ta cinye masa baya, idan ba a sa magani yau ba za ta kama yara. Ya turo hoto: fata ja-ja-wur, da gefen wani shuɗin tawul, babu fuskar kare babu komai. Maganin daga waje ake kawo shi, naira 45,000. Karenki yana hannun mutum, ba ki san inda yake ba, an kuma ambaci 'ya'yanki. Na tura.

Sai bayan magariba suka iso. Wallahi ban gane shi ba. An yi masa ƙwal kwabo, fata a fili, sai ɗan tuntu a ka da jela. Da suka sauke shi ƙafafun baya suna harɗewa, yawu na dalala. Suka ce gajiya ce, suka miƙo mini wata farar roba mai feshi wadda ba rubutu ko ɗaya a jikinta, wai maganin sanyaya jiki da korar kaska, in riƙa fesa masa safe da yamma, naira 18,000. Suna fita Baba maigadi ya tsuguna kusa da karen, ya shinshina, ya buɗe robar ya sake shinshinawa, ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, wannan fa fiya-fiya ce. An dai zuba mata turare."

"Baba, ka tabbata?"

"Shekara nawa ina kashe kuɗin cizo da ita? A nemi mota yanzu."

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Likitan dabbobin da muka samu a daren ya haska idon Auduga da tocila, ƙwayar idon ta tsuke kamar kan allura, naman cinyarsa yana rawa shi kaɗai. Ya ce waɗannan alamomin guba ne na dangin fiya-fiya, sinadarin da ake kira dikulobos, wanda fata take tsotsewa, balle fatar da aka kankare ɗazu. Wannan sinadari ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa tun 2019 saboda yadda yake hallaka mutane. Ya kuma nuna mini wani ɗan kumburi a cinya, ya ce da alama an yi masa allurar kwantar da jiki don ya tsaya a aske shi da sauri. Suka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, aka yi masa allurar atrofin mai karya ƙarfin gubar, aka ɗaura ƙarin ruwa. Kwanansa biyu a can. Cutar fatar kuwa, an kankaro an duba a madubin likita, babu ita babu dalilinta. Jan da ke hammatarsa da cikinsa ƙunar kilifa ce, bakin ya yi zafi ba a tsaya an bar shi ya huce ba. Bayan kwana uku kunnensa na hagu ya kumbura da jini saboda yawan kaɗa kai, aka sake komawa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Lambar tasu ta daina shiga tun washegari. Da na ba da labari a zauren unguwarmu, mutum biyu suka turo mini hoton da aka tura musu. Fata ja, gefen shuɗin tawul. Hoto ɗaya ne. Ɗayar ma karenta baƙi ne.

Amma in faɗi gaskiya, ni ma da nawa laifin, kuma ta nan suke samun ƙofa. Ma'aikaciyar asibitin ta ɗauko matajin ƙarfe ta sa a gindin jelar da suka bari, ta ja kaɗan, ya tsaya cak. Ta buɗa gashin da yatsu: sama laushi kamar auduga, ƙasa kuwa ya dankare kamar bargo, manne da fata. Ta ce, "Anti, saman kawai kike sharewa." Haka ne. Buroshi nake bi da shi a sama-sama, kuma saboda zafi kusan kullum sai an watsa masa ruwa a bar shi ya bushe da kansa. Ashe ruwa ƙara ɗaure cukurkuɗaɗɗen gashi yake yi, kamar yadda igiya ke ƙara tamkewa idan ta jiƙe. Ga shi kuma yana daidai lokacin da gashin ƙuruciya ke sauyawa zuwa na girma, wajen wata 6 zuwa shekara, lokacin da curewar ta fi tsanani. Wannan dankararren gashi shi ne ke hana iska kaiwa fata, yana riƙe laima, kaska ta ɓuya a ƙarƙashinsa ba a gani.

Ta koya mini yadda ake yi, kamar dai tsifar kitso. Ki raba gashin layi-layi har sai kin ga fata, ki taje daga tushe da buroshi mai siraran haƙora, sannan ki bi da matajin ƙarfe. Idan mataji bai wuce sumul daga fata zuwa baki ba, ba ki gama ba. Bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya, matsematsi da gindin jela, nan ne yake fara curewa. A taje kafin wanka, a busar sosai bayan wanka, a sake tajewa. Aski kuma duk mako 6 zuwa 8.

Kada ku fahimce ni a baibai, rage wa dudul gashi a bazara ba laifi ba ne, yana ma sauƙaƙa kulawa. Ana dai barin kamar santimita 1 zuwa 2 don rana kada ta ƙona fata, musamman ga masu farin gashi. Idan kuma gashin ya riga ya dankare, askewa ƙasa sosai shi ne jinƙai, don tsefe shi azaba ce. Bambancin shi ne mai sana'a na gaskiya zai sa mataji a gabanki ya nuna miki curin kafin ya kunna kilifa, ya faɗa miki abin da zai yi da kuɗinsa, ya tambayi katin rigakafi, musamman na ciwon haukan kare. Zai bar ki ki ga inda yake aiki da yadda yake busar da karnuka, domin kulle kare a keji a kunna masa iska mai zafi a wannan yanayi kan iya kashe shi. Ba zai taɓa yi wa kare allura ba, ba zai ce ya gano cuta ya sayar miki da maganinta ba. Wannan aikin likitan dabbobi ne mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kuma kina da ikon tambayar lambar rajistarsa.

Batun feshin sanyaya jiki kuwa, ku manta da shi. Kare ba ya gumi ta jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana wajen digiri 38 zuwa 39, idan ya haura 41 rai ake magana. Abin da yake buƙata ba ya cikin roba: inuwa, ruwan sha da ba ya yankewa, fanka ko tayil mai sanyi, yawo da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Ki ɗora bayan hannunki a kan kwalta, idan ba ki iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba. Kada a bar shi a mota ko na minti kaɗan. Idan kika ga haki ya yi yawa, dasashi ya yi ja sosai, yana tangaɗi ko amai, ki kai shi inuwa, ki zuba masa ruwa mai sanyi, ki sa fanka, ki kama hanyar asibiti. Maganin kaska ma likita ne zai zaɓa gwargwadon nauyin kare, kuma kada a raina ta, tana sa zazzaɓi da ƙarancin jini.

Na kai ƙorafi bankina da ofishin 'yan sanda, na kuma rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da shaidar tura kuɗi da hotunan hirarmu da takardar likita. Wanda abin ya taɓa, ya adana nasa tun kafin su goge saƙonni, kuma kada ya zubar da robar.

Da na faɗa wa Yaya, shiru ya yi, sannan ya ce in maido masa da karen Jos idan Abuja ta fi ƙarfinsa. 'Yata ta ce sai dai a tafi da su tare. Yanzu Auduga yana yawo a tsakar gida sanye da tsohuwar rigar ƙanenta don kare shi daga rana, gashin ya fara tsirowa kamar sabuwar ciyawa.

Shekaranjiya wata maƙwabciya ta turo mini sabuwar talla. Suna daban, lamba daban, farar motar dai ita ce. Yanzu shirin damina suke sayarwa, wai gurbi biyu ya rage.