Motar abarba daga Kwatano ta daki Sienna ɗina a Iyana Iba: yadda muka ƙare da kamfanin inshorata

Sun biya. Da wannan zan fara, domin a tsakaninmu 'yan Arewa mazauna Legas da yawa sun ɗauka inshora takarda ce kawai da ake miƙa wa ɗan sanda a shingen hanya. Ni kuɗi ya shigo asusuna mako bakwai bayan haɗarin, kuma ma'aikaciyar da ta riƙe fayil ɗina mutuniyar kirki ce, Allah Ya saka mata da alheri. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don har yanzu akwai sauran magana a tsakaninmu.

Shekara uku ina biyan cikakkiyar inshora, wadda ake ce wa kamfirehensif, dubu 300 duk shekara, wato kashi 5 cikin ɗari na miliyan 6 da aka rubuta a matsayin darajar motar a farkon 2023. Yayana ya so in je wajen masu takaful, wato inshorar Musulunci, tun farko, don hankalinsa bai kwanta da ta gargajiyar ba, amma ejan ɗin da ya zo har shagona shi ya riga kowa, na bi shi. A shekarun nan uku ban taɓa neman ko sisin kwabo a wajensu ba.

Ranar wata Asabar ce da safe, an kwana ana ruwa. Na taso daga Okokomaiko zan kai 'ya'yana mata biyu gidan ƙanwata, muna cikin gosulon nan na Iyana Iba da kowa ya sani, a kan titin Badagry. Mota a tsaye take cak. Sai na ji wani irin duka daga baya, har ƙirjina ya bugi sitiyari. Gilashin baya ya tarwatse a kan kujerar ƙarshe, inda ƙaramar takan zauna kullum. Ran nan kaɗai ta ƙi, ta ce a tsakiya za ta zauna kusa da yayarta. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma ƙofar but ta lotse ciki, bamba ta faɗi a titi, fitilun baya duka biyu sun fashe.

Da na fito sai na ga ƙaramar babbar mota shaƙe da abarba, lambarta ta ƙare da RB. Ta Jamhuriyar Benin. Kafin in buɗe baki 'yan agbero, wato 'yan tashan Legas, sun kewaye mu, kowa da shawararsa. Wannan ya ce a zare makulli, wancan ya ce a sace iskar tayoyi. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da goro a gefen hanya ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kar ka bari ya matsa ko taku ɗaya. In ya tsallaka iyakar Seme ya koma Benin ka rasa shi har abada." Ni ma abin da ke raina ke nan. Na riga na yanke wa mutumin hukunci tun kafin ya sauko daga mota.

Dattijo ne, zai girme ni da shekara goma. Faransanci yake yi da wani yare da ban sani ba, hannunsa na rawa. Bai ko kalli motarsa ba, wajen yarana ya nufa kai tsaye yana dudduba su. Sai yaron motarsa ya sauko ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ashe ɗan zangon Paraku ne. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri don Allah. Laifinmu ne. Ya taka birki, titi da santsi, ga kaya sun yi nauyi." Dattijon ya zaro wata leda daga ƙarƙashin kujera yana ta maimaita wata kalma, "kart burun, kart burun". Yaron ya ce inshorar ƙetare iyaka ce. Sannan suka haɗa sefa dubu 100, duk abin da ke jikinsu, suka ce in karɓa a kashe magana a nan, don abarba ba ta jiran kowa.

Nan ne kamfanin ya burge ni. Ranar Asabar ce, amma na kira lambar da ke bayan takardata, bugu biyu aka ɗauka. Matar ta fara da tambayar ko an ji ciwo. Sannan ta ce kar in karɓi kuɗi, kar in sa hannu a komai, kar kuma in bari a taɓa mutumin ko motarsa. In ɗauki hoton motocin biyu a yadda suke kafin a janye su, da lambarsa, da lasinsa, da wannan kati gaba da baya yadda lambar katin da ranar ƙarewarsa za su fito sosai. Daga nan mu wuce wajen 'yan sanda tare. Da ban kira ta ba, wallahi da na karɓi sefar nan, wadda ko ƙofar but ba za ta saya mini a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, ba.

Ita ce ta fara yi mini bayanin katin, sauran na bincika da kaina daga baya. Sunansa Brown Card, tsari ne na ƙasashen ECOWAS da aka rattaba wa hannu a Kwatano a 1982. Kowace ƙasa da ke ciki tana da ofishinsa, kuma in motar waje ta yi ɓarna, ofishin ƙasar da abin ya faru shi ke karɓar ƙorafin wanda aka cuta, ya tuntuɓi takwaransa na ƙasar da ta ba da katin. Mu ma tun Janairun 2023, da NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshora, wadda ke biyan wanda ka buga kawai, daga dubu 5 zuwa dubu 15, ta kuma ɗaga abin da za a iya biyan wanda ka yi wa ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, an haɗa mana wannan kati a ciki. Motar Najeriya kana iya danna *565*11# a waya ka ga ko inshorarta ta gaske ce, amma lambar Benin ba ta cikin wannan rumbun, sai an tambayo can. An tambaya kuwa, katin dattijon na gaske ne, da sauran wata huɗu a kansa.

Wajen 'yan sanda mun wuni. An auna, an zana, an rubuta, yaron yana tafinta. Dattijon ya amsa laifinsa a rubuce ba tare da an matsa masa ba, abarbarsa na can tana shan rana. Rahoton ya fito bayan kwana tara da zirga-zirga uku. Wannan na barshi, kowa ya san yadda ake yi.

Na cike fom, na haɗa hotuna da rahoto da lasina da lissafin mai gyaran bodi, miliyan 1 da dubu 900. Suka turo injiniyansu garejin, ya zagaya motar bai fi minti goma sha biyar ba. Ya ce ƙofar but ba sai an canja ba, a buga ta a yi mata fenti. Mai gyaran ya nuna masa inda ƙarfen ya karye ta ciki kusa da makulli, ya ɗaga kafaɗa ya rubuta abin da ya rubuta. Lissafi ya sauko miliyan 1 da rabi. Raina bai so ba, amma na ce to, a kasuwa nake, na san kowa yana taya abu ƙasa. Da a nan aka tsaya, da yabonsu kawai zan rubuta.

Sai ranar da aka kira ni ofishinsu a tsibirin Legas in sa hannu. Na bar gida bayan sallar asuba, na isa wajen ƙarfe goma, aka ajiye ni a falon jira har azahar ta wuce. Wani matashi cikin kwat ya fito da takarda ɗaya ta amincewa da kuɗin da za su biya, bauca suke ce mata, ya nuna mini inda zan sa hannu da bakin biro. Na duba adadin: dubu 810.

Na ce masa, "Ɗana, an yi kuskure. Miliyan ɗaya da rabi injiniyanku ya amince." Ya ce babu kuskure, Alhaji. Wai motata yanzu a kasuwa ta kai miliyan 10, ni kuwa a kan miliyan 6 nake biya, saboda haka kashi 60 cikin ɗari na motar kawai na yi wa inshora, kashi 60 na gyaran kawai za su ɗauka. Dubu 900 ke nan. A ciki kuma a cire kashi 10 da suke kira ekses, wanda mai mota ke ɗauka da kansa a kowane haɗari. Ya buɗe takardar yarjejeniyar a wani shafi na can ciki, ya sa yatsa a kan wasu ƙananan rubutu da sai na cire tabarau na goge kafin in iya karantawa. Yana nan a rubuce, ban musa ba.

Amma ga abin da ke ci mini rai. Waye a Najeriya bai san abin da ya sami naira ba tun watan Yunin 2023? Dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin a ankara ta haura 1,500, kowace mota tokumbo ta kusa ninka kuɗinta. Ni ɗan kasuwa ne na sani, su da wannan ne sana'arsu sun fi ni sani. Sau biyu na sabunta inshorar nan bayan faɗuwar naira. Sau biyun ejan ɗinsu yana aiko mini da saƙo a WhatsApp da gaisuwa da lambar asusu, in tura dubu 300, ya turo takarda. Ko sau ɗaya bai ce, "Alhaji, motarka ta ƙara daraja, mu gyara adadin" ba. Da ya faɗa, da na biya dubu 500 ɗin, ko kuwa in ƙi da sanina, in san abin da na zaɓa. Lokacin karɓar kuɗi motar miliyan 6 ce a wajensu, babu wanda ya zo ya dube ta. Sai ranar biya suka san hanyar kasuwa.

Na faɗa wa matashin haka, muryata ta ɗan tashi har mai gadi ya leƙo. Ya ce shi ba shi ya rubuta ƙa'ida ba. Na ce a kira mini ejan ɗin. Wayarsa a kashe. Daga baya aka ce mini ya bar aiki da su, kamar wannan ya wanke kamfanin.

Na kuma tambaye shi, to ai ba ni na yi laifin ba, ga rahoton 'yan sanda, ga mutumin ya amsa da bakinsa, ga katinsa mai kyau, me ya sa ni zan ɗauki asarar? Ya ce su za su biya ni nasu kason, sannan su bi kamfanin inshorar Benin ta hanyar ofishin katin su karɓo abin da suka kashe. Na ce ragowar nawa fa? Ya ce wannan ni zan bi da kaina. Wato hanya ɗaya za mu bi, ofishi ɗaya, fayil ɗaya, amma ba za su iya ɗora ƙorafina a kan nasu ba. Mutum mai biyan ku shekara uku.

Ban sa hannu ran nan ba. Na koma gida na kira ma'aikaciyar nan ta farko, ita ce ta gaya mini gaskiya a hankali: in karanta baucar da kyau, in tabbata ta rufe magana ne tsakanina da kamfanin kawai, ba ta hana ni neman ragowar hakkina a wajen wanda ya buge ni ba. Ta ce kuma in ban gamsu ba NAICOM tana karɓar ƙorafin masu inshora. Ta lissafa mini takardun da zan kai ofishin katin. Na rasa yadda mutum irin wannan take aiki a wuri ɗaya da waɗancan.

Bayan kwana goma na koma na sa hannu, don mota tana gareji, yara suna hawa keke da danfo zuwa makaranta a cikin damina, uwargida ta fara magana. Na cika miliyan ɗaya da 'yan kai daga jarin shago na sayi ƙofar but tokumbo a Ladipo, ban yarda da bugun da injiniyansu ya ce ba, tunda 'ya'yana ne ke zama a bayan nan. Dubu 900 na zuba musu a shekara uku, dubu 810 suka ba ni a ranar da na buƙace su, a haɗarin da ba ni da laifin ko ƙwayar zarra. Na fara rubutun nan da niyyar ce musu madalla saboda sun biya, amma yanzu da na sake jero abin a gabana, a'a. Ba zan sabunta da su ba, kuma na riga na hana ƙanina da ke shirin kai musu motarsa.

Takarduna suna ofishin katin tun watan jiya, an ba ni lambar fayil, an ce suna jiran amsa daga Kwatano. Shekaranjiya da daddare wata lamba mai farawa da +229 ta kira ni. Yaron motar ne, dattijon yana gefensa. Ya ce maigidansa ya je kamfanin inshorarsu da ƙafarsa ya ba da bayani tun makon da suka koma, yana so ya ji ko an biya ni, kuma yaya ƙaramar yarinyar, ta daina firgita in ta shiga mota?