Allunan kankare mara nauyi a bene mai hawa takwas: abin da na gani

Shekara goma sha biyu ina foman amma sai bana na taɓa aiki da allunan AAC, wato kankare mara nauyi mai ƙananan ramukan iska a ciki, da ake zubowa daga masana'anta, a wani bene mai hawa takwas a Abuja. Ranar da tirela ta kawo su dariya na yi wallahi, na ce wannan ai biskit ne.

To rashin nauyin gaskiya ne. Kankare na yau da kullum kusan kilo 2,400 ne a kowace mita kubik, wannan kuwa bai fi 600 ba, saboda garin alminiyam da ake zubawa cikin kwaɓin yana sa shi ya kumbura kamar ƙullin burodi, sannan a gasa shi da tururi. Allo ɗaya mai faɗin santimita 60, tsayin mita 3, kauri 10, kilo ɗari da ɗan ɗoriya ne, mutum huɗu sun tayar da shi. Katangun cikin hawa guda da ada muke share sati biyu muna jera bulo, leburori na ta hawa da sauka da kwanon siminti har wani ya zame, sai ga shi mun gama cikin kwana biyar, kuma da zarto muke yankawa kamar katako. Da rana ɗakunan sun fi na bulo sanyi.

Amma fa ba shi ya ɗauki nauyin ginin ba, fila da bim da dekin (rufin kowane hawa) duk na rodi da kankare muka zuba kamar kullum.

Inda muka sha wahala filasta ne. Abin nan shan ruwa yake kamar soso, maginana suka yi masa shafe irin na bulo, kafin wata guda duk ya tsattsage a mahaɗar allo da fila. Sai da muka kankare, muka sa raga, muka sayo kwaɓin siminti na musamman da ake shafawa milimita 2 zuwa 3. Kuɗin gyaran daga aljihun oga ya fita, ni kuma na sha faɗa.

Ƙusa ma ba ta kama shi, mai kabad ɗin kicin sai da ya nemo fulogi na musamman, wato abin da ake cusawa a bango don ya riƙe ƙusa. Ga gefuna da ke gutsurewa a hanya, dillalin kuma ya ƙi canza mana ko ɗaya.

Zan sake amfani da shi in Allah ya yarda, amma sai an fara koya wa magina a hawan ƙasa tukuna.