Dattijon da ya hana ni sayen sabuwar kwamfuta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na sungumi kwamfutata ta tebur na kai wani ɗan shagon gyara a nan Jamus. Niyyata in sayar da ita, in cika kuɗi in ɗauki sabuwa, don ta kai ni bango. Da zarar na buɗe Premiere ina yanka bidiyo, ga Photoshop a gefe, ga shafukan intanet goma sha, sai ta sandare, in zauna ina kallon ɗan zoben nan yana juyawa.

Mai shagon dattijo ne, kansa duk furfura. Sababbin kwamfutoci na jere a bayansa, ko ɗaya bai nuna mini ba. Ya jona tawa, ya ce in buɗe duk abin da na saba buɗewa, sannan ya kira Task Manager, manhajar Windows da ke nuna yawan aikin da kowane sashe na kwamfuta ke yi, ya juyo mini da allon, ya ɗora yatsa a kai. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba. RAM kuwa, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, gigabait 8 ɗin da ke ciki, ya cika maƙil, ma'ajiyar fayiloli kuma ta tsaya a kashi 100 ta ƙi sauka. Ya ce in RAM ya cika, Windows kan kwashe ragowar aikin ta jibge a ma'ajiya, tawa kuma tsohon faifai ne mai juyawa, HDD, wanda da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa. SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, mai mahaɗin SATA yana kai 550, nau'insa na NVMe kuma ya haura 3,000. Ya kwance murfin, ya haska tocila, ya nuna mini ramin M.2, inda ake saka NVMe, da ke zaune fanko a kan madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai) tun ranar da na saye ta.

Abu biyu ya sayar mini: NVMe ɗaya, da sandunan RAM biyu iri ɗaya na DDR4, gigabait 16 da 16, domin in suna biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Na nemi katin girafik, mai ɗaukar aikin hoto da bidiyo, ya girgiza kai, ya ce akwatin wutar da ke ciki ba zai ɗauke shi ba, in bari sai aiki ya nema. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mutum ga ciniki babba a gabansa, ya zaɓi ƙarami.

A hanyar dawowa, ƙasarmu ce ta faɗo mini a rai, da irin sayen kwamfuta da muke yi a can. Tambayarmu ɗaya ce, a kan furosesar Intel da ke ciki: "i7 ce?" In an ce e, an gama. Ba mai tambayar zamaninta. Alhali i7-2600 tun 2011 ta fito, i3-12100 ta 2022 kuwa ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman Intel zamani na 8 zuwa sama. Masu sayarwa sun san wannan sarai, suna yin shiru, kuma in ka fita da kaya ka fita ke nan. A nan Jamus kuwa doka ta ba ka shekara 2 a kan sabon kaya in ya zo da aibi, abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba.

Kada ku ɗauka komai daɗi ne. Kuɗin aikin hannu a nan yana da zafi, shi ya sa madabod in ta mutu shawarar da za ka fara ji ita ce ka sayi wata. Ranar Lahadi kuma shaguna a kulle, ko kebul kake nema sai Litinin. Nan nake kewar yaranmu na gida masu gyara, waɗanda za su bi layin wuta ɗaya bayan ɗaya, su cire kafasita da ta kumbura su liƙa wata, kuna hira har ta tashi. Hannun nan muna da shi, faɗa wa mai saye gaskiya ne ya yi mana ƙaranci.

Ƙanena, na ji kana shirin sayen sabuwa saboda aikin zane. Kada ka ba kowa ko sisi tukuna. Buɗe duk manhajojinka, ka ɗauki hoton Task Manager ka turo mini daren nan.